Yadda ake hawa sikeli ba tare da ya ɗaga maka hankali ba

Jama'a wannan sikelin da ake sayowa a Sabon Gari ko a kemis a kawo a ajiye a ƙofar banɗaki, ba ƙaramin tayar wa mutane hankali yake ba. Sai ka ji mutum na cewa jiya kilo 78 yake yau ya wayi gari 79.5, wai ko sikelin ne jabu ko kuma tuwon dare ne ya zama teɓa. Sau da yawa ba ko ɗaya, ruwa ne kawai da abincin da bai gama wucewa ba. Amma bari mu fara da shi sikelin tukun.

Inda ka ajiye shi ne kan gaba. Tayil ko siminti mai santsi da ya miƙe, banda kafet banda darduma. Mai batir ɗin nan da ƙafafunsa huɗu yake auna nauyi, to in ɗaya ta faɗa tsagin da ke tsakanin tayil ko ta ɗan ɗage, lissafin ya canza kenan. Cikin banɗaki kuwa ni ban ba da shawara ba, don magina suna karkata daɓen ne zuwa wajen da ruwa ke fita, ga kuma danshi da ke lalata shi. Ka samar masa waje guda ka bar shi a nan. In dole sai ka ɗaga shi saboda yara, duk sanda ka dawo da shi ka ɗan taka shi ka sauka, ya nuna 0.0 ya mutu da kansa, sannan ka hau.

Mai allura kuma akwai wata 'yar taya a ƙasa ko a gefe, ka juya ta har allurar ta zauna kan sifili. In mai batir ya fara kawo lambobi barkatai a canza batir kafin a ce ya lalace. In kuwa kana 70 ka ga ya rubuta 154 kar ka yi salati, wani yaro ne ya taɓa maɓallin baya ya mayar da shi awon fam irin na Amurka, ka dawo da shi kg.

Gwada gaskiyarsa ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ka hau ka ga lamba, ka sauka ka ɗauki gorar ruwa mai lita 1.5 ka sake hawa, ya kamata ya ƙara kusan kilo ɗaya da rabi. Jakar fiya wata ma ta yi, leda 20 kowace rabin lita, wajen kilo 10 kenan, duk da ba kowane kamfani ke cika ledarsa ba. Kuma kar ka ruɗu don ka hau sau uku ya ba ka lamba ɗaya, wasu sikelin riƙe lambar ƙarshe suke yi su maimaita maka ita in nauyin ya yi kusa, shi ya sa ɗaukar gorar a tsakani ke tona musu asiri.

To sai jiki. Babban mutum nauyinsa na iya hawa da sauka da kilo 1 zuwa 2 a yini guda kuma lafiyarsa ƙalau. Ka sha fiya wata biyu ka hau, kilo ɗaya ya ƙaru nan take, ina kitse a nan? Gishiri na sa jiki ya riƙe ruwa, don haka daren da ka ci tsire da yaji ko kilishi, ko miyar da aka zabga wa ɗanɗano, washegari za ka gani a sikeli, bayan kwana biyu ya tafi da fitsari. Shinkafa da tuwo da gurasa su ma jiki na ajiye wani ɓangarensu a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiyar yana riƙe kusan giram 3 na ruwa. Wannan ne ya sa mai rage ƙiba in ya yanke su yake ganin kilo biyu sun zube a satin farko ya yi ta murna, ranar da ya je biki ya ci shinkafa su dawo ya ce ai maganin banza ne. Kilo guda na kitse sai da rarar kalori (awon ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, alhali abin da babba ke ci a yini bai fi 2,000 zuwa 2,500 ba, ka ga ba abin da za a tara a dare ɗaya ba ne ko da kuwa daren Sallah ne.

Ga zafin Kano na Afrilu da ke haura digiri 40, gumi kaɗai ya isa ya sauke lamba. Da azumi ka auna da la'asar ka sake bayan tarawihi, sai ka rantse mutum biyu ne. Mata kuma gab da al'ada jiki kan tara ruwa, 'yar'uwa kar ki ce kin yi ƙiba, ki jira ta wuce. Cushewar ciki ma haka.

Don haka lokaci ɗaya za ka riƙe, da safe bayan ka kama ruwa, kafin koko ko shayi, da kaya marasa nauyi iri ɗaya kullum, ba da babbar riga da waya da makullai a aljihu ba. Ka tsaya a tsakiya ƙafa biyu daidai, kar ka dafa bango. Ka rubuta a waya, ƙarshen sati ka haɗa bakwai ɗin ka raba gida bakwai. Misali 80.2, 80.9, 79.8, 80.4, 81.0, 80.1, 79.7, in ka raba 80.3 ne, wannan ce lambar da za ka gwada da ta sati mai zuwa. Wanda hawan kullum ke sa shi damuwa ya yi sau ɗaya a sati, rana guda, misali safiyar Juma'a. Kuma kar ka haɗa lambar gida da ta asibiti ko ta yaran da ke yawo da sikeli a kasuwa, kowanne da nasa bambancin.

Inda ba a wasa shi ne in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku ga kumburin ƙafa ko haki, musamman mai ciwon zuciya ko ƙoda ko mai juna biyu, wannan asibiti za a nufa ba jiran ƙarshen sati ba. Haka wanda ke ta ramewa bai rage cin abinci ba, kamar mai kilo 70 ya zubar da 3 da rabi cikin wata shida, ya je likita ya duba shi, a gwada suga da sauransu.