Moto na mutuwa a hanya: kurakuran da na gaji da gani wajen gyaran kabureta

Shekaranjiya wani yaro ɗan kabu-kabu ya turo motonsa Kasea tun daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi har bakin rumfata, gumi sharkaf, kabureta kuma, wadda ke haɗa mai da iska ta ba inji, tana cikin leda an warwatsa ta. Ya ce, "Baba, moton nan sai na yi tafiya kaɗan ya mutu, in ya huta ya tashi." Na ce masa, "Ɗana, da ya mutu ka buɗe murfin tanki?" Ya yi shiru yana kallona. Shi ne na uku a wannan wata da ya zo mini da irin wannan aika-aika, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Babban kuskure shi ne a fara da kabureta. Mai yana da hanya: daga tanki zuwa famfon mai, daga nan tiyo, sannan kabureta. Ita ce ta ƙarshe a layi, amma ita kowa ke fara kama wa laifi.

Murfin tanki yana da ɗan rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta toshe shi, mai zai riƙa sauka a hankali har ya tsaya cak, kamar yadda ruwa ke ƙin fita daga buta in ka danne bakinta. Moto ya mutu. Ka tsaya minti biyar, iska ta silala ta shiga, ka buga ya tashi, ka ce ai ya huce ne. Wannan abu ya ci mini kuɗin kabureta biyu lokacin da nake kabu-kabu da tsohuwar CG 125. Kullum in na ɗauki hanyar Tsibiri, wuri kusan ɗaya take shaƙewa ta mutu. Na kai wa wani mai gyara, ya ce kabureta ta gaji, na sayo sabuwa. Bayan kwana biyu ta sake mutuwa da wata tsohuwa a bayana da buhun gero, rana tsaka. Ya ce wadda na sayo jabu ce, na ƙara sayen wata. Wata guda ina biyan balas daga aljihuna, maigida yana ganin kamar wasa nake da aikin. Ranar da Allah Ya kawo ƙarshen abin, na buɗe murfi don in duba ko mai ne ya ƙare, sai na ji "fuuu", iska ta ruga ciki. Bugu ɗaya ta tashi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don mai gyaran nan bai taɓa sa hannu a tankin ba ko sau ɗaya. Saboda haka in ya mutu, nan take buɗe murfi ka kasa kunne. Sannan zare tiyo daga jikin kabureta, buɗe famfo, ka ga ko mai na zuba sosai ko ɗiga yake.

Sai maganar man kansa. Tun kafin matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 man kwalba muke sha a garin nan, wanda ake shigowa da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma ko da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ba a daina sayar da shi a bakin hanya ba. Ba na cewa kowane mai kwalba mugu ne. Amma man da ya kwana a jarka, aka juye shi sau uku a fili, ba ya rasa yashi, da damina kuma ba ya rasa ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, shi ya sa moto da yawa ke fara tari da zarar an juya famfo zuwa rizab, wato man ajiya da ke fitowa daga ƙasan tanki. Ni ɗabi'ata, in kwance ɗan kushin, wato ɗan sukurun da ke ƙasan kofin kabureta inda mai ke taruwa, in tari abin da ya fito a kwalba mai haske, in ɗaga ta ga rana. In akwai ruwa za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa. Kuma ban yarda a zuba mini mai ba tare da ƙyalle a bakin mazurari ba, ko mai sayarwa zai ji haushi.

Yanzu ga wanda ke sa ni faɗa da yaran shago: tsokalar jiklar, wato 'yar tagulla mai siririn rami da mai ke bi a cikin kabureta, da waya. Wallahi ku bari! Moto ya ƙi tsayawa a ralanti, wato inji ya yi ta aiki a hankali ba a murɗa hannu ba, sai an ja cok mai rage iska yake zama, to ƙaramar jiklar ce ta toshe, wannan gaskiya ne. Amma jiklar tagulla ce mai taushi, raminta kuma awo ne aka yi masa. Ka zura allura ko silin wayar birki ka murza, ka faɗaɗa shi, ba kuma ya komawa. Moto zai tashi, mai shi ya yi godiya ya tafi, bayan sati ya dawo yana cewa litar da ke kai shi yamma yanzu azahar ba ta kaiwa, buji, wato filogi mai kunna wuta a inji, ya yi baƙi ƙirin, salansa na hayaƙi. Na taɓa korar yaro daga aiki kwana uku a kan wannan, don na hana shi sau biyu. A jiƙa ta cikin mai, a kai wajen mai faci a hura ta da iska, a ɗaga ta ga haske. In ba ka hango haske ta ramin ba, sayi wata mai lamba iri ɗaya, ba ta da tsada.

Kushin iska ma, mai daidaita iska da mai a ralanti, haka ake wasa da shi, kowa ya zo ya murɗa. Ni ina mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa na lalacewa, in dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, sai inji ya yi zafi sannan in daidaita da kunne. Wasu na fara da biyu. Ni dai haka na saba.

Cire soson iska wai don moto ya ƙara gudu, a garin da ƙura ke rufe rana, sayen fistan ne da gangan, don ƙurar cikin inji za ta shiga ta cinye shi. Robar da ke tsakanin kabureta da inji in ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ralanti ya yi ta hawa da sauka. Lanƙwasa ta da yatsa ka duba. Moton da zai yi wata a ajiye, rufe famfo ka zubar da man kofi, in ba haka ba ya bushe ya bar danƙo.

Akwai kuma mutuwar da ba ruwanta da mai sam. In sai ya yi zafi yake mutuwa, murfi lafiya, mai na zuba, to cire buji tun da zafinsa, jingina shi jikin inji ka buga ka ga wuta. In babu, ko ta yi rauni ja-ja, duba bobin, mai ba buji wuta. In wuta na nan shuɗiya, a auna bawul, wato ƙofofin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a inji, don in sun matse haka suke yi.

Yaron Zariya kuwa, murfin ne. Na wanke shi da mai na hura, minti biyu. Haɗa kaburetar da ya warwatsa ita ta cinye mana yamma, don ya yar da allurar fulota, mai tsayar da mai in kofi ya cika, a hanya, sai da na aike shi kasuwa ya nemo wata.