Kafin ka kafa hasumiyar sanyaya ruwa, dubi maƙwabtanta

Ni injiniyan gine-gine ne a Gombe. Duk wanda ya kira ni kan hasumiyar sanyaya ruwan injin masana'anta, ko tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, ba zane nake fara buɗewa ba. Filin nake zagayawa tukuna, in ga abin da ke tsaye a kusa.

Abin da ya faru a tashar lantarki ta Ferrybridge a Ingila, ranar 1 ga Nuwamba 1965, shi ya koya mini haka. Hasumiya 8 ne, kowace tsawonta mita 114, an jera su sahu biyu kusa da juna. Amma lissafin iskar da aka yi musu na hasumiya ɗaya ce tilo a fili. Da guguwa ta taso, sai ta kutsa ta tsakanin na gaba, ta fito a hargitse, ta afka wa na baya. Uku suka zube, kuma waɗanda ake ganin suna cikin kariya ne.

To, ka fara da sanin inda iskarka take fitowa. A nan, hadarin farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, galibi daga gabas yake tasowa, kuma shi ne mai ɓarna, ba iskar hunturu ba. Ni maigadin wurin nake tambaya: "Baba, kwanon wane gini iska ta fi yayewa?" Amsarsa takan nuna mini hanyar iskar kafin in auna komai.

Daga nan sai ka zana duk wani dogon abu da ke kewaye: sito, rumbun siminti, bututun hayaƙi, wata hasumiyar. Lungun da ke tsakanin gini biyu shi ne abin tsoro, domin a nan iska ke matsewa ta ƙara gudu. Kada ka raina ƙarin. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana danna kusan kilo 55 a kan kowace murabba'in mita. In lungu ya kai ta mita 36, nauyin ya doshi kilo 80. Saboda haka kada ka kafa hasumiya a bakin lungu, kuma kada ka rage ƙarfe don wai wani gini ya tare maka. Gobe ana iya rushe shi, ko maƙwabci ya ta da wani.

Ka yi lissafin kusoshin gindi lokacin da babu ruwa a ciki, don a sannan ne iska ta fi saurin ciccibar ta. Kuma katanga in ta matso da yawa, zafin da hasumiyar ta fitar shi za ta sake shaƙa, ruwan ya ƙi sanyi.

In babbar hasumiya ce ta kankare, lissafin takarda bai isa ba. A ƙera ƙaramin samfurinta haɗe da duk gine-ginen da ke kewaye, a kai ɗakin gwajin iska, a hura masa ta kowace fuska.