Tiyatar haihuwa ga mai ciwon lupus: inda ake yawan kuskure kan zubar jini

Mai ciwon lupus garkuwar jikinta ce ke juyowa tana yaƙar jikin. In kuma ya haɗa da lalurar antiphospholipid, jininta kan yi saurin daskarewa, shi ya sa likita ke ɗora ta kan ƙaramin asfirin da allurar heparin mai tsinka jini tun cikin yana ƙarami. To maganin da ke tsare cikin, shi ne kuma zai iya hana jini tsayawa ranar tiyata.

Babban kuskure shi ne a iso asibiti, likita ya tambayi yaushe aka yi allurar ƙarshe, miji ya kalli mata, mata ta kalli uwarta. Wannan lokacin kuwa da shi ake lissafi: kafin allurar kashin baya ta kashe zafin tiyata ana son awa 12 tsakani ga mai shan ƙaramin adadi na heparin irin Clexane, awa 24 ga mai babban adadi. Ki riƙa rubuta ranar da ƙarfe nawa a bayan katin awonki. Naƙuda ta taso ko jini ya ɓalle, kada ki ƙara wata allurar, ki kama hanyar asibiti.

Wasu kuma tsoro ke sa su ajiye allurar da zarar an sallame su. Wannan ganganci ne, don a makonni shida na jego gudan jini ya fi toshe jijiyar ƙafa ko ta huhu. Heparin da warfarin, ƙwayar tsinka jini, duk ba sa hana shayarwa.

Sai kemis. Ɗinki na zafi, a aika yaro ya karɓo diclofenac ko ibuprofen, a ɗora kan maganin tsinka jini. A tsaya a farasitamol sai likita ya ce wani abu.

Mai lalurar ITP, wadda ƙwayoyin daskarar da jininta ke ƙaranci, a auna su kafin ranar. Likitoci na son su kai 50,000 kafin a yanka. Masu ba da jini ma a tanade su tun ana zaune lafiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kalmar nan ta tsofaffi, "ai jinin biƙi ne, datti ne ke fita." Ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, guda-guda na zubowa, ba jinin biƙi ba ne. Wani jinin ma ba ya fitowa waje, a ciki yake taruwa: mai jego ta ɗashe, jiri na ɗibarta, zuciya na bugawa da sauri, gefen ɗinki ya kumbura. A ajiye ruwan wankan jego, a nemo mota ko da tsakar dare ne.