Yadda za a tsara kuɗin jinyar dattijo tun yana da lafiyarsa

Jinyar shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa tana iya ɗaukar shekaru, kuma yawancin matakan da shari'a ta tanada don sauƙaƙa ta ba sa yiwuwa sai dattijon yana cikin hayyacinsa. Saboda haka a zauna da shi tun yanzu, a rubuta abin da ya mallaka, da bashin da ake bin sa, da wanda yake bi, da inda takardun gida da na gona suke.

Idan tsohon ma'aikaci ne da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 a Najeriya, yana da zaɓi biyu bayan ya karɓi kason farko na kuɗin fanshonsa a dunƙule: ko kamfanin fanshonsa ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, abin da ya rage bayan rasuwarsa ya zama na magada, ko kuma ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora da zai biya shi muddin ransa. Wanda yake tsoron doguwar jinya ya kamata ya auna na biyun da kyau. A yi masa rajistar inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, amma albashin mai kula da shi a gida daga aljihun iyali zai fito, don haka 'ya'ya su yanke abin da kowa zai bayar a wata, su rubuta. Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a mazhabar Malikiyya a kan ɗa ko 'ya mai hali.

Inda aka fi yin kuskure shi ne maganar gida. Dattijo kan so ya raba wa 'ya'yansa tun yana raye don gudun rigima, amma kyauta idan wanda aka ba ya karɓe ta ta fita daga hannun dattijon, kuma ba shi da abin sayarwa ko bayarwa haya ranar da jinya ta yi tsanani. A ganina gara ya riƙe kadara ɗaya mai kawo kuɗin haya da sunansa. Idan kuma aka jinkirta kyautar har ciwon ajali ya kama shi, hukuncin wasiyya take ɗauka, wato ba ta wuce sulusin dukiya, ba kuma a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Fili mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna kafin a sauya sunan mai shi, bisa dokar filaye ta 1978.

A ga lauya ya rubuta takardar wakilci ga ɗa amintacce, a gaban shaidu, a tambaye shi kuma matsayinta idan hankalin dattijon ya gushe, domin a lokacin sai an je kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa. Rubuta sunan mutum a banki a matsayin makusanci ba ya ba shi ikon cire ko kwabo.