Yadda Ake Daidaita Tsayin Injin Kwale-kwale

Kafin ka ce inji ya gaji ko ka sayi sabuwar farfela, fara duba yadda aka ɗora shi a katakon baya. Inci ɗaya sama ko ƙasa ya isa ya cinye maka gudu da mai.

Fito da jirgin kan tudu, ka miƙar da ƙafar injin tsaye. A saman farfela akwai wani faranti mai faɗi da ke hana iska gangarowa gare ta. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin jirgin ya leƙo ta baya. Farantin nan ya zo daidai da miƙaƙƙen katakon, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci 1 ba. Idan ratar ta kai inci 4 ko 5, an haɗa doguwar ƙafa ce, mai inci 20, da katakon bayan da aka yi wa gajeriya mai inci 15. Sai kafinta ya ƙara wa katakon tsayi.

Idan inji ya nutse da yawa, ƙafar ta riƙa jan ruwa, feshi na tashi ta gefe biyu, gudu ya ragu. Da rani kuwa, lokacin da duwatsu da yashin Kogin Kaduna ke kusa da sama, farfela ce ke fara karɓar duka.

Ɗagawa fiye da kima ta fi haɗari. Farfela za ta shaƙi iska, musamman a kwana: ka ji inji ya yi ƙara ya sake, jirgin kuma bai ci gaba ba. Mafi muni, ramukan da ke zuƙo ruwan sanyaya inji suna jikin ƙafar ne. Da sun fito sama, robar famfon ruwa ta ƙone, inji ya ɗau zafi. Idonka ya kasance kan siririn ruwan da injin ke tsartowa ta baya. Ya yanke, kashe nan take.

A yi gyaran kaɗan-kaɗan. Inji mai kusoshi, ramukan kusoshinsa na da ratar kusan santimita 2, sai ka hau rami ɗaya kawai. Ƙaramin inji mai maƙalewa, irin mai ƙarfin doki 15, sa masa siririn katako a ƙarƙashin maƙalin, a saman katakon baya, ka matse sosai. Sannan ka gwada da irin lodin da ka saba ɗauka, domin fasinja da buhuna na sauya zaman jirgi a ruwa. Buɗe wuta a miƙe, ka sa wani ya leƙa baya: farantin ya riƙa shafar saman ruwa. Yi kwana dama da hagu. Farfela ta saki, koma ramin da ka baro.

Kwale-kwalen katako mai nauyi ba na tsere ba ne, ni dai na fi son a bar masa farantin cikin ruwa, balle a watan Agusta da Satumba da kogi ke cika yana tumbatsa.