Babi na Shida: Kayan sana'a na tsufa, bashi na girma

Darasi na 1: Raguwar daraja

Ɗauki fensir, ɗan'uwa. A ce ka sayi pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, a kan sidi 42,000, kana jigilar fasinja tsakanin Aboabo da Asawase a Kumasi. Duk ranar da ta fita, darajarta na raguwa ko da ba ta lalace ba. Kuɗi ne ke zubewa ba ka gani.

Rubuta 42,000 a sama. Waƙafin nan kada ya tsorata ka, dubbai kawai yake rabawa. To, bayan shekara 3, nawa za a saye ta a hannunka? A ce 15,000. Rubuta shi a ƙasa, sifili ƙarƙashin sifili, ka cire. Saura 27,000.

Nan ake tuntuɓe. Cirewa tukuna, sannan rabawa. Wanda ya yi gaggawar raba 42,000 gida uku zai samu 14,000, kuma ba daidai ba ne, domin ya manta akwai kuɗin da zai karɓa ranar sayarwa. Idan haka ka yi, ba komai, goge ka sake. Cire 15,000 tukuna. Ka cire? Madalla. Yanzu raba 27,000 gida uku: 9,000 a shekara. Raba gida 12: 750 a wata, wato sidi 25 kullum.

Wannan 25 ɗin ba riba ba ce. Ka ba mai susu ita, wato mai karɓar zubin ajiya kullum, amma ka tuna yana riƙe zubin kwana ɗaya a wata ladan aikinsa. Kuɗin gyara a Suame Magazine, unguwar makanikai, lissafinsa daban.

Sake faɗa da baki: cirewa, sannan rabawa. Haba jama'a, sau nawa za a maimaita? Mai zuwa aji babu littafi, yana cewa lissafin na kansa, shi ne gobe zai ce an cuce shi.

Darasi na 2: Bashi

Idan an ce ruwan bashi kashi 4 cikin ɗari ne, tambaya: a wata ko a shekara? Bashin 10,000 da ake ɗora wa kashi 4 kan uwar kuɗi kowane wata, ruwansa 400 ne. Wata 12, 4,800 ke nan. Za ka biya 14,800. Kada ka dangwala yatsa sai an karanta maka jimillar.

Darasi na 3: Tsari

Kuɗin cefane daban, kuɗin sana'a daban, ko a MoMo ne, wato asusun kuɗi na waya.

Aikin gida: Hajiya ta sayi keken ɗinki 3,000, za ta sayar 600 bayan shekara 4. Nawa ke raguwa a shekara? Cire tukuna.