Yadda Ake Yi wa Akuya Ƙarin Abinci Don Nono Ya Wadata

Idan rani ya yi nisa, busasshiyar ciyawa cika ciki kawai take yi. Akuya mai shayarwa sai ta koma cin jikinta, ta rame, hantsa ta yamushe. Ƙarin abinci ne maganin wannan, amma yana da ƙa'ida.

Da farko a duba lafiyarta. A ɗan ja fatar idonta ta ƙasa. Idan cikin ya yi fari-fat maimakon ja, jininta ya yi ƙasa, galibi aikin tsutsar ciki ne. A nemi malamin dabbobi ya ba ta magani, in ba haka ba tsutsa ake ciyarwa.

Na biyu, kada a jira sai ta haihu. Cikin akuya kusan kwana 150 ne, kuma a makonni 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma. A lokacin ake fara ƙarin.

Na uku shi ne haɗin, kuma nan ake yawan kuskure. Harawar wake ko ta gyaɗa ita ce ginshiƙi, a fara ba ta ita. Bayan nan sai dusa, a gauraya da ƙuliƙuli maras yaji ko tunkuza don gina jiki. 'Ya'yan gawo da ganyen zogale ma suna taimakawa ƙwarai. Dusa zalla ba ta isa ba: sinadarin fosfaros ya yi mata yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ne, alhali kalsiyam ɗin ne nono ke kwashewa daga jikin uwa. Harawa ce ke cike wannan giɓin. A fara ba ta haɗin dusar cikin tafin hannu, a riƙa ƙarawa har mako 2. Wanda ya zuba mata kwano guda rana ɗaya zai iya jawo mata kumburin ciki da zawo, har ta mutu. Abincin da ya yi funfuna kuwa a zubar, komai tsadarsa, domin gubarsa na bi ta cikin nono zuwa ga yaran gida.

Na huɗu, a rataya dutsen lasa inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba. A sayi na awaki, don na tumaki yakan gaza sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, da akuya ke buƙata.

Sai ruwa. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka a bar mata mai tsabta a gabanta yini guda. A riƙa auna tatsar kullum da kofi ɗaya. Idan mako 3 ya wuce ba canji, a koma wurin malamin dabbobi ya duba hantsar.